Killmonger na littafi da Killmonger na fim: wanne ya fi riƙe labarin?

Nura:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Daren jiya na zauna da ƙannena biyu muka sake kallon Black Panther na 2018, sai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya ya sake tasowa, na ce bari in kawo shi gaban manya. Maganata a kan Killmonger ce, abokin gabar jarumin fim ɗin. Duk wanda ya karanta littattafan zanen da aka ciro labarin daga cikinsu ya san cewa mutumin nan ba shi da ko ɗigon jinin sarauta. Ya fara bayyana ne a 1973, a mujallar Jungle Action fitowa ta 6, a labarin da Don McGregor ya rubuta, Rich Buckler ya zana. Sunansa na yanka N'Jadaka, talaka ne ɗan talaka daga cikin mutanen Wakanda, ƙagaggiyar ƙasar Afirka ta cikin labarin, wanda farmakin wani mugu mai suna Klaw ya raba shi da ƙasarsa, ya ƙarasa girma a unguwar Harlem ta birnin New York yana ƙullace da gidan sarautar da ya gaza kare shi. Da ya samu ya dawo gida, ƙauyuka ya shiga, ya tara mutane a kan sarkin da ya bar talakawansa ya tafi Amurka yana yawo da ƙungiyar jarumai ta Avengers.

Masu fim kuwa sai suka mai da shi ɗan N'Jobu, ƙanin Sarki T'Chaka, wato shi da T'Challa, ɗan T'Chaka kuma jarumin labarin, 'yan maza ne zar. A ganina wannan sauyi ya zare wa labarin laka. Tawayen talaka a kan sarauta ya koma rigimar cikin gida tsakanin 'ya'yan sarki biyu, talakan Wakanda kuma ba shi da abin yi sai ya tsaya a kan dutse yana waƙa yana girgiza kafaɗa, yana jiran ya ga wanda zai kayar da wani. Ina son jin ra'ayinku, musamman Baba Ado da ya riga mu duka fara wannan karatu.

Anti Rabi:
Wa alaikumus salam. Nura ƙanena, na fahimci abin da ke damunka, amma ban yarda da kai ba. Abin da ka kira zare laka, a wurina shi ne ya sa wa labarin rai. Da Killmonger bare ne, da T'Challa zai yaƙe shi da zuciya ɗaya, ya kashe shi, a yi kiɗa a watse. Da yake ɗan ƙanin ubansa ne, kuma ubansa ne ya kashe wancan ƙanin da hannunsa a Oakland a 1992, ya kuma bar marayan a can don kada asiri ya tonu, sai yaƙin ya zama da laifin gidansu yake yi. Ka tuna wurin da T'Challa ya koma wajen kakanninsa karo na biyu, ya dubi mahaifinsa ido da ido ya ce masa shi da duk sarakunan da suka gabata sun yi kuskure. Ɗan da ya tashi yana ganin ubansa kamar ba ya laifi, ga shi yana ɗaga masa murya a gaban magabata. Wannan wuri ba zai yiwu ba idan Killmonger ɗan wani manomi ne da ba a san sunansa a fada ba.

Kuma mu da muka san tarihin gidajen sarauta ai bai kamata abin ya zo mana baƙo ba. Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 tsakanin wa da wa aka yi ta? Sarki Tukur ɗan Muhammadu Bello a gefe ɗaya, Yusufu da ƙaninsa Alu 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi a ɗaya gefen, dukkansu jikokin Ibrahim Dabo. 'Yan maza zar ne su ma, kuma babu wanda zai ce don rigimar ta cikin gida ce talaka bai ji ta a jikinsa ba.

Sadiq:
Da izinin manya zan ƙara wani ɗan bayani da nake ganin zai taimaka. A littattafan da Christopher Priest ya rubuta daga 1998, akwai inda Killmonger ya yi galaba a kan T'Challa a karawar al'ada, ya karɓi muƙamin Baƙar Damisa, wato Black Panther. Da ya ci tsiron nan mai siffar zuciya da ke ba da ƙarfin damisa, sai jikinsa ya ƙi shi, ya faɗi a some, domin tsiron guba ne ga wanda ba jinin gidan ba. T'Challa ɗin da ya kayar shi ne ya hana a bar shi ya mutu. Saboda haka idan masu fim suna son Killmonger ya sha tsiron ya miƙe da ƙarfin damisa, ya kuma sa a ƙone lambun kamar yadda muka gani, mai da shi yarima ya sauƙaƙa musu aiki ƙwarai.

Nura:
Sadiq, na gode, amma abin da ka kawo ni yake goya wa baya. Abin da Priest ya nuna shi ne cewa tsarin Wakanda kansa yana rufe ƙofa ga talaka, ko da ya ci gasar da hannunsa. Wannan zargi ne mai nauyi a kan sarautar, kuma fim ya kauce masa. A fim, dalilin da ya sa aka saurari Killmonger a zauren fada shi ne zoben kakansa da ya nuna da kuma sunan ubansa da ya ambata. Da ba shi da su, da Okoye, shugabar dogarai mata, ta tsire shi da mashi tun kafin ya rufe baki, duk gaskiyar da ke cikin maganarsa.

Anti, misalinki na basasa ya yi kyau, sai dai ai shi ne kukana. Idan an ba da tarihin basasa, sunayen 'ya'yan sarki ake lissafawa, ba a sanin sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙone wa rumbuna. McGregor kuwa ya ba wa irin waɗannan suna da fuska.

Baba Ado:
Barkanku da muhawara, 'ya'yana. Nura ya kira sunana, don haka dole in amsa, ko da yake idona ba ya son dogon rubutu a waya yanzu.

Da farko ina roƙon mu daina kiran waɗannan littattafai da sunan littattafan barkwanci kamar yadda nake gani a wasu rubuce-rubuce. Babu barkwanci a labarin da ake binne mutane. Littattafan zane ya wadatar, kuma na ji daɗi da Nura ya yi amfani da shi.

Ni na fara da na gida ne, wato Powerman, wanda aka riƙa bugawa don kasuwar Nijeriya daga 1975. Turawan Ingila ne suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, tun kafin duniya ta san su. Gibbons ɗin nan shi ne daga baya ya zana Watchmen. Na Marvel, kamfanin da ke buga Black Panther, kuwa sai a wajen masu tsofaffin littattafai muke tsintar su, a baje a ƙasa kan buhu, an danne da dutse don kada iska ta kwashe, bango ya yage, fitowa ta 9 yau, ta 14 bayan wata huɗu, ta tsakiya kuma sai dai ka cike da tunaninka. A haka na karanta Panther's Rage, wato labarin McGregor ɗin nan, a wargaje, sai da na manyanta na same shi a haɗe, fitowa goma sha uku daga ta 6 zuwa ta 18, tsakanin 1973 da 1975.

Nura yana da gaskiya a kan abin da McGregor ya yi. Mujallar Jungle Action kafin zuwansa tsofaffin labaran Turawa ne a dajin Afirka ake sake bugawa a cikinta. Shi ne ya cika ta da baƙaƙen fata tun daga sarki har manomi, ya zana taswirar ƙasar, aka kuma samu Billy Graham, mai zane baƙar fata, ya ɗauki yawancin aikin. Kuma ƙarshen labarin shi ne babbar hujjar Nura, ko da yake bai kawo ta ba. A karawar ƙarshe a bakin magangarar ruwa, Killmonger ya sake rinjayar T'Challa, yana shirin hallaka shi, sai wani yaro mai suna Kantu, wanda mutanen Killmonger suka kashe masa uba, ya sheƙo da gudu ya banke shi ya faɗa ruwa. Sarki bai ci yaƙin da ƙarfinsa ba, marayan talaka ne ya cece shi. Har yau idan na tuna shafin nan tsigar jikina takan tashi.

Amma ga inda zan rabu da kai, Nura. Kana magana kamar akwai littafi guda ɗaya da shi ne asali, fim kuma ya ci amanarsa. Wanne ne asalin? Wanda Stan Lee da Jack Kirby suka fito da shi a Fantastic Four fitowa ta 52 a Yulin 1966, sarkin da ya gayyaci baƙi ƙasarsa don ya gwada ƙarfinsa a kansu, ba shi da ƙanwa, ba shi da dogarai mata. Dora Milaje ƙirƙirar Priest ce a 1998. Shuri sai a 2005 Reginald Hudlin da John Romita Jr. suka haife ta, bayan yayanta ya shekara kusan arba'in a takarda ba a taɓa jin yana da ita ba. Har sunansa an taɓa sauyawa a 1972 zuwa Black Leopard na ɗan lokaci, don a nesanta shi da jam'iyyar Black Panther ta Amurka, wadda aka kafa a Oktoban 1966, watanni kaɗan bayan fitowarsa. Sarki goma zamani goma, kowane marubuci ya zo sai ya rushe wani ɗaki ya gina wani. Ryan Coogler, daraktan fim ɗin, marubuci ne a cikin wannan jeri, bambancinsa kawai shi da kyamara ya yi nasa.

Nura:
Baba, Allah Ya ƙara girma da lafiya. Na karɓi gyaran, kuma wallahi na manta da Kantu sai da ka ambace shi. Amma ina neman afuwa in ce sauyi ba duka ɗaya ba ne. Ƙara wa mutum ƙanwa ƙari ne, ba ya rushe abin da ke ƙasa. Ɗauke talaka a sa yarima a gurbinsa kuwa sauya tambayar da labarin yake yi ne. McGregor yana tambaya ne ko sarki ya cancanci biyayyar mutanen da ya yi watsi da su. Coogler yana tambaya ne wane ɗan sarki ya fi cancantar kujera.

Anti Rabi:
A'a Nura, ba wannan ce tambayar Coogler ba. Kujerar hanya ce kawai. Tambayarsa ita ce mene ne haƙƙin ɗan'uwan da aka sayar ko aka yasar a kan ɗan'uwan da ya zauna a gida cikin wadata. Coogler haifaffen Oakland ne, kuma ba banza ya ɗauke yaron daga Harlem ya kai shi can ba, garin da aka kafa jam'iyyar da Baba ya ambata. Killmonger na fim yarima ne a jini, amma a rayuwa maraya ne da ya tsinci gawar ubansa a ɗakin haya. Wane talauci ya wuce wannan? Jinin sarautar ma ƙara wa abin ciwo ya yi, domin yana nufin waɗanda suka yar da shi sun san ko shi wane ne.

Ka duba farkon fitowarsa a gidan tarihi na Landan, yana tsaye gaban gilashi, masu gadi suna bin sa da ido, yana tambayar Baturiyar da ke kula da kayan daga ina wannan, daga ina wancan. Ta ambaci Ashanti, ta ambaci mutanen Edo na Benin, har ta jingina wani makami ga Fulani, shi kuma ya ce mata ta yi kuskure, sannan ya tambaye ta ko kakanninta sun biya kuɗi lokacin da suka kwaso. Duk wanda ya san abin da sojojin Ingila suka yi wa Benin a 1897 ya san wannan tambaya ba ta ɗan sarki mai neman gado ba ce.

Falmata:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma akwai wurin da kowa ya tsallake, kuma ni a Maiduguri nake, ba zan iya tsallake shi ba. A farkon fim an nuna dajin Sambisa da sunansa. Motoci a jere cikin dare, mata da hijabi a takure a bayan babbar mota, 'yan bindiga a gaba da baya. T'Challa ya diro daga jirgi, cikin minti biyu ko uku ya gama da su. An saki fim ɗin a sinimomin Amurka ranar 16 ga Fabrairun 2018, ranar 19 ga watan aka kwashe 'yan matan Dapchi, na Chibok kuma da yawansu suna hannu tun Afrilun 2014. Lokacin da na kalla daga baya, ƙawata da ke gefena ta tashi ta fita a daidai wannan wuri, ba ta dawo ba sai da aka wuce shi.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne dalilin zuwansa. Bai zo don matan ba. Ya zo ne ya ɗauki Nakia, 'yar leƙen asirin Wakanda, don ta halarci naɗinsa, har ita kanta ta yi masa ƙorafin ya ɓata mata aiki. Da suka gama, Okoye ta gargaɗi matan kada su faɗa wa kowa abin da suka gani, aka bar su a dajin da wani yaro da shi ma sato shi aka yi aka ba shi bindiga. Ƙasar da za ta iya kawo ƙarshen abin a dare ɗaya ta ɗauki 'yarta ta tafi biki. Tun kafin Killmonger ya buɗe baki, fim ɗin ya riga ya gabatar da ƙararsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Saboda haka Yaya Nura, talakan da kake nema a fim yana nan, sai dai ba ɗan Wakanda ba ne. Mu ne, a bayan motar.

Baba Ado:
'Yata Falmata, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mayar da waɗanda suka rage ga iyayensu. Ban taɓa kallon wurin ta wannan fuska ba.

Nura:
Amin. Falmata, maganarki ta yi mini nauyi, kuma ba zan yi gardama da ita ba. Abin da zan ce kawai shi ne matan nan ba a ba ko ɗayarsu suna ba, kuma ba a sake komawa kansu ba har fim ya ƙare. Da T'Challa ya yanke shawarar buɗe ƙasarsa, cibiyar farko a Oakland ya gina ta.

Falmata:
Haka ne, kuma wannan ya dame ni ni ma. Amma tunda ana maganar bin littafi, bari in tambaye ka game da Nakia. A fim ita ce ta fara cewa Wakanda ta buɗe ƙofa, ta ba da agaji, ta karɓi 'yan gudun hijira, tun Killmonger bai iso ba, kuma ba tare da zubar da jinin kowa ba. A ƙarshe shawararta aka bi. A littafin Priest kuwa yarinya ce daga cikin Dora Milaje da son sarki ya gusar wa hankali, ta nemi halaka Monica Lynne, masoyiyar T'Challa, saboda kishi, ta koma muguwa da sunan Malice. Kuma Dora Milaje ɗin kansu a can matan da ake ajiye wa sarki ne daga ƙabilu daban-daban, da sunan wata rana zai iya aurar ɗaya. Da an bi littafi sau da ƙafa, wannan za mu kalla. Kana son haka?

Nura:
Ba na so. Haka ma M'Baku, shugaban ƙabilar Jabari a fim, wanda a littafi tun 1969 mugu ne da ake kira Man-Ape, yana yawo cikin fatar farin goggon biri. Ba wanda zai so a sa wa baƙin mutum wannan suna a allon sinima, kuma Winston Duke ya mai da shi mutumin da kowa ke jiran fitowarsa. Ban ce kada a taɓa komai ba. Na ce wannan guda ɗaya an yi asara a cikinsa.

Musa Damagaram:
Gaisuwa ga jama'a daga Damagaram. Ni ban karanta littattafan da yawa ba, don a nan na Faransa da Beljiyam suka fi zuwa mana, amma ina da abin faɗa kan asarar da Nura yake magana. Fim yana faɗar wasu abubuwa da ido waɗanda littafi yake faɗa da baki. A zauren fada akwai dattijuwar ƙabilar 'yan kasuwa da shigarta ta shuni da azurfa, wadda Ruth Carter ta ɗauko daga Buzaye, akwai masu bargon Lesotho, akwai mai faifai a leɓe irin na kudancin Habasha. Dogayen benaye kuma an soka musu itatuwa a jiki kamar masallacin Agadas ko na Tumbutu. Na ji daɗin ganin haka, kuma matar ta cancanci kyautar Oscar da ta samu. Amma da na sake kallo sai na ga dukkan waɗannan shugabannin ƙabilu ne. Da Killmonger ya hau kujera ya ce a aika makamai duniya, ba mu ga ko kasuwa ɗaya ana tattauna abin ba, alhali an nuna mana kasuwar tun da farko. Don haka ina ganin Nura bai yi kuskure duka ba.

Sadiq:
Ƙarin bayani kaɗan kan alaƙar labarin da Nijeriya: ba a Sambisa ta fara ba. Captain America: Civil War na 2016, inda Chadwick Boseman ya fara fitowa a matsayin T'Challa, tun a farkonsa aka nuna Legas, kuma mutuwar wasu ma'aikatan agaji 'yan Wakanda a can ce ta fito da Sarki T'Chaka zuwa taron Biyana, babban birnin Ostiriya, inda bam ya kashe shi. Sai dai Legas ɗin a Atlanta aka gina ta. A littafi kuwa Klaw ne ya kashe T'Chaka tun T'Challa yana yaro, saboda bibiraniyom, ƙarfen da Wakanda ta yi arziki da shi. Wannan ma babban sauyi ne, amma ban ji kowa ya yi kuka da shi ba.

Anti Rabi:
Sadiq, ni kukana ba a nan yake ba, a kan Everett Ross yake. A wajen Priest ma'aikacin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ne, matsoraci, mai surutu, wanda aka ɗora wa rakiyar sarki, ya riƙa ba da labarin a birkice yana ba mai karatu dariya. Fim ya mai da shi jami'in CIA, tsohon matuƙin jirgin yaƙi, ya kuma ba shi aikin harbo jiragen da ke ɗauke da makaman Killmonger. Hukumar da ta shirya sa wa Patrice Lumumba guba a 1960 ita ce aka ba matsayin abokiyar ceton wata ƙasar Afirka daga hannun baƙar fata. Kuma fim ɗin da kansa ya faɗa ta bakin Ross cewa su ne suka koya wa Killmonger yadda ake kifar da gwamnati. Idan ana neman sauyin da ya cuci labarin, Nura, ga shi nan, ka bar mini yarimana.

Nura:
A kan Ross kam bakinmu ɗaya, Anti.

Baba Ado:
Tunda kun sasanta a kan Bature, bari in jefa muku wata. Abin da Nura yake nema, wato talakan Wakanda da ya tambayi sarauta dalilinta, an rubuta shi, kuma kafin fim ɗin ya fito. Ta-Nehisi Coates ya fara nasa a 2016 tare da mai zane Brian Stelfreeze, kuma a can mutane ne suka tayar, wasu mata biyu daga Dora Milaje, Ayo da Aneka, suka ajiye biyayya suka tafi kare matan ƙauye da sarki ya manta da su, har aka kai ga rage ikon sarautar aka shigo da zaɓe. Na so a ce fim na biyu ya bi wannan hanya. Amma Boseman ya rasu ranar 28 ga Agustan 2020 yana da shekara 43, bayan ya yi shekara huɗu yana fama da ciwon daji na hanji ba tare da ya bari duniya ta sani ba, sai komai ya sauya. Wakanda Forever na 2022 ya zama zaman makoki.

Ni a raina, da an ba wani ɗan wasa rigar. Mutum nawa suka yi Batman, nawa suka yi Spider-Man? Sarkin da ya rayu a takarda tun 1966 aka binne shi bayan fim ɗinsa guda ɗaya.

Falmata:
Baba, a gafarce ni, a nan ban bi ka ba. Waɗanda suka yi aiki da shi su ne za su tsaya gaban wani mutum su kira shi da sunan, shekara ɗaya kacal da rasuwarsa. Kuma hawan Shuri ba ƙirƙirar masu fim ba ce, ta sa rigar a littafi tun 2009, lokacin da yayanta yake kwance rai a hannun Allah. Ga shi kuma an bar ƙofa a buɗe da yaron da Nakia ta rena a Haiti, wanda ya ci sunan ubansa.

Nura:
Ka gani, Baba? Ko a nan ma sai da aka nemo jini. An ɓoye ɗan sarki a wata ƙasa, an bar shi ya girma nesa da gida, wata rana zai dawo ya nuna shaida ya nemi kujera. Labarin Killmonger ne aka sake shukawa, sai dai wannan karon uwarsa tana raye kuma gwaggonsa ta san da shi. Ni dai har yanzu Kantu nake jira.

Anti Rabi:
Za ka daɗe kana jira, ƙanena, kamfanin Disney ba ya sayar da rigar marayan manomi ga yara. Baba, haɗaɗɗen Panther's Rage ɗin nan yana hannunka har yanzu? Ina so in karanta ƙarshen da idona kafin in sake ce wa Nura komai.

Baba Ado:
Yana nan, sai dai jikana ya zuba masa koko a shafukan farko, sun manne. Na Kantu bai taɓu ba. Ki aiko yaro ranar Asabar bayan la'asar, amma da sharaɗin zai dawo.

Sadiq:
Baba, kafin a rufe, ɗan gyara da neman afuwa: ka ce an binne T'Challa bayan fim ɗinsa guda ɗaya. Nasa na kansa ɗaya ne, haka ne, amma Boseman ya sa rigar a fina-finai huɗu, idan an haɗa da Civil War da Infinity War da Endgame, kuma muryarsa ta fito a What If na 2021 bayan rasuwarsa.